Bakin Tafinta

Malam Musa yana da abin alfahari guda ɗaya, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha labarinsa. Shekara shida yana yi wa Fasto Afolabi tafinta a ɗan cocin da ke bayan barikin 'yan sanda na Bodinga, bai taɓa ƙara kalma ba, bai taɓa ragewa ba. Fasto ba ya jin Hausa sai ta cefane. Rabin masu sujada kuwa mutanen Zuru ne irin Musa, matansu da 'ya'yansu ba ruwansu da Turanci. Don haka fasto ya faɗa, Musa ya juya, haka har a tashi.

Kafin a dawo da shi Bodinga, a Shagari Musa ya fara koyarwa, ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa mai sayar da albasa, Inna Kande. Shekarar da sanƙarau ya kwantar da shi, matarsa Talatu na da tsohon ciki, maƙwabta kowa ya ja jiki. Inna Kande ce ta yi mako biyu tana ɗura masa kunu da ludayi.

"Buɗe baki, ɗana," in ji ta. "Ni ban san mi kaka karantawa cikin littahin ga naka ba, na dai san yunwa kaka ji."

Ita ta karɓi haihuwar Talatu, aka sa wa yarinyar Kande.

A daminar 1983 tsohuwa ta rasu. Musa ya je Shagari, ya tsaya can gefe har aka yi mata salla, ya dawo da wata tambaya da ta hana shi cin tuwo. Ranar Laraba da yamma ya sami fasto a barandarsa, ya tambaye shi kai tsaye: Inna ta mutu Musulma, tana cikin wuta ke nan har abada?

Fasto ya daɗe yana goge tabarau.

"Tun tuni masana ke jayayya a kan wannan," ya ce. "Wasu sun ce azabar ba ta da ƙarshe, domin wanda aka saɓa wa ba shi da iyaka. Wasu sun ce wutar cinye mugunta take yi, sannan ta mutu. Ni dai, Musa, ban ga yadda Allah mai ƙauna zai ƙona hannun da ya ba ka kunu har abada ba. Ko alƙalin ƙauye ba ya yanke hukuncin da ya fi laifi."

Ran nan Musa ya ci tuwo har da ƙari. Don daɗi ya gaya wa Talatu, Talatu ta gaya wa zumuntar matan coci, kuma maganar da ta shiga zumuntar mata ba ta bukatar kuɗin mota. Kafin mako biyu ta isa hedikwatar cocin a Sakkwato. Aka aiko cewa babban fasto zai zo sujadar Lahadi ya ji da kunnensa. A shekarar nan buhun shinkafa ya gagari ma'aikaci, sabulu sai an bi layi, kuma daga Sakkwato ake ciyar da Fasto Afolabi da 'ya'yansa biyar.

Lahadi ta zo, baƙo ya zauna a kujerar gaba ya harɗe hannu. Fasto ya fara wa'azi a kan adalcin Allah, Musa na juyawa. Ya ce wuta ba ta mutuwa, Musa ya juya, yana tsammanin can gaba za a kawo ɗaya ra'ayin. Ba a kawo ba. Sai fasto ya ce bari ya ba da misali: akwai wata tsohuwa a Shagari, mai kirki, wadda ta yi jinyar wani ɗan'uwa a nan. Kirkinta bai amfane ta da komai ba. Yanzu haka tana cikin azaba, kuma bayan shekara dubu ko farawa ba ta yi ba.

Musa ya yi shiru. Fasto ya maimaita jimlar a hankali, idonsa a kan takarda. Jama'a suka zuba wa tafinta ido suna jira. Kande 'yar shekara bakwai tana zaune kan tabarmar yara, da awarwaron da Inna ta saya mata.

Da ma ya ci gaba da shirun. Amma shekara shida bakin nan ya saba, sai ya buɗe da kansa. Musa ya faɗi maganar duka da Hausa tsantsa, bai rage ko kalma ba.

Da aka tashi, fasto ya ja shi bayan coci ya riƙe hannunsa.

"Ɗan'uwa, abin da na gaya maka ran nan, har yanzu shi ne a zuciyata. Ka dai gane."

Musa ya gane sarai, abin da ya ci masa rai ke nan. Mutumin nan ya ɓoye rahamar a zuciyarsa, wutar kuma ya zuba ta a bakin wani. Ya ɗauki ciwon da Musa ya kai masa a asirce ya wanke kansa da shi a gaban baƙo. Musa bai taɓa jin an ci amanarsa haka ba. Ya zare hannunsa.

A hanyar gida, wajen rumfunan albasa, Kande ta ɗago kai.

"Baba, mi Inna tay yi anka sa ta wuta?"

"Fasto ne ya faɗa, Kande."

"A'a," ta ce. "Ni kai naj ji."

Ta saki yatsansa, ta koma ta kama zanen uwarta.