Barcin Rana a Gidan Mak Iroh

Bu Popon ta shekara ashirin da shida tana ungozomar gwamnati a ƙauyen Pasirhuni kafin a kira ta zuwa birnin Garut a koya mata cewa baƙin cikin mai jego ciwo ne. Su arba'in aka tara, kwana uku, a ɗakin taron wani otal mai akwatin gilashi cike da kifayen ado. Akwai wani kifi a cikinsu da yake iyo a rigingine, cikinsa sama, yana cin abincinsa a haka, kuma har aka tashi taron bai mutu ba. Shi ta yi ta kallo ranar farko.

Likitar da ta zo daga Bandung yarinya ce siririya, Dokta Wulan, muryarta ba ta kai ƙarshen ɗaki sai da lasifika. Ta ce a cikin masu jego goma ba a rasa ɗaya da duniya ke yi wa duhu bayan ta sauka. Ba ragwanci ba ne, ba rashin godiyar Allah ba ne, ciwo ne mai magani. Ta raba musu takarda mai tambayoyi goma da za su riƙa yi wa kowace mai jego.

Cucu, ungozomar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, ta juya takardar gaba da baya.

"Tambaya har goma," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ni da na haifi biyar, tambaya ɗaya aka taɓa yi min: shinkafa ta nuna?"

"Ke ai ko an tambaye ki, sai kin haɗa da mai tambayar kin cinye," in ji Bu Popon.

"To miƙo soyayyar ayabar nan taki, tunda kin koma kiwon kifi da ido."

A rana ta biyu likita ta zo kan barci. Ta ce matar da ba ta samun barci, ƙwaƙwalwarta kamar gonar da aka yanke wa ruwa take. In jariri ya yi barci, uwa ma ta kwanta, ko da tsakar rana ne. Sai ɗakin ya ɗauki dariya, domin kowa ya san mai jego ba ta barcin rana sai ta yi arba'in. In ta yi, jinin biƙi zai hau mata kai, ko ido ya lalace ko hankali ya gushe. Haka iyaye suka yi, haka kakanni.

Bu Popon ba ta yi dariyar ba. Likita tana lissafa alamomi, ita kuwa fuskar Imas take gani, 'yar Mak Iroh ta ƙauyensu, wadda aka tsamo daga kududdufin kifin bayan gidansu shekara goma sha tara da suka wuce, tana da kwana talatin da ɗaya da haihuwa. Imas ta daina cin abinci, ta daina kallon jaririyarta, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. Bu Popon ta ga wannan duka, ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. A takardar mutuwa ta rubuta cewa santsi ne ya kwashe ta. Yanzu kuma a wannan gida akwai wata mai jegon, Entin, matar ɗan Mak Iroh, kwananta goma sha bakwai, kuma idonta ya fara zama irin na Imas.

Da aka fita shan shayi ta tare likitar, ta kira ta Neng, yadda ake kiran matashiyar mace a wajensu.

"Neng Dokta, in dangi suka ƙi fa?"

"Sai ki wayar musu da kai, Bu, a hankali."

"Kin taɓa zama a ƙauye?"

"Wata shida, lokacin ina ɗaliba."

Bu Popon ta gyaɗa kai, ta gode mata.

Washegarin dawowarta ta hau babur ta bi ta cikin gonakin shayi zuwa gidan Mak Iroh. Entin tana zaune a ɗakin gaba kamar yadda ake zaunar da mai jego: baya jingine da matasai uku, ƙafafu a miƙe an haɗe su da ƙyalle, dutsen niƙan yaji a tafin ƙafa don kada ta zame. A gefenta Mak Iroh ce, riƙe da tsohon gwangwanin madara da ta zuba wa tsakuwa. Da zarar idon Entin ya lumshe sai ta kaɗa shi. Ba da mugunta take yi ba. Ita ke dafa mata miyar ganye, ita ke yi mata tausa, ita ke wanke ƙyallayen jariri. Ita kanta tsohuwar ta rame. Mijin Entin, Dadang, yana Jakarta yana sayar da taliya a kura, sai ranar arba'in zai zo.

Bu Popon ta auna jariri, ta ga ya ƙara nauyi. Sannan ta fito da takardar.

"Neng Entin, a makon nan kina iya dariya kamar da?"

"Tana yi mana," in ji Mak Iroh. "Jiya ma da akuya ta shigo kicin ta yi."

"Kina jin tsoro ba dalili?"

"Tsoron me, ina nan?"

"Mak, ita nake tambaya."

"To ai ga ta. Na rufe mata baki ne?"

Entin ta dubi kalandar da ke bango. "Lafiya lau nake, Bu," ta ce. Haka ta amsa sauran duka. Amma Bu Popon ta ga yadda take riƙe da yaron, nesa da ƙirjinta, kamar tiren aro da ake tsoron ya faɗi.

Ta ja Mak Iroh tsakar gida, ta faɗa mata abin da aka koya musu, a hankali kamar yadda likita ta ce. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe tana tsince dutse daga shinkafa.

"Kin gama? To ki ji tawa. Sau ɗaya na bar Imas. Na je kasuwa sayo kurkur, na dawo na tarar da ita a kwance, rana na tsakiya. Kwana tara bayan nan ke kika taya ni wanke gawarta. Ko kin manta?"

"Ban manta ba, Mak. Amma ba barcin ba ne ya..."

"Ita wannan likitar taku 'ya'yanta nawa?"

"Ban tambaye ta ba."

"Na binne ɗaya, Popon. Ba zan binne ta biyu ba. Ke kin je Garut kwana uku kin kwana a otal, ni shekara goma sha tara ke nan ina karatun nan."

Bu Popon ta koma asibitinta. Kwana biyu tana juya abin a ranta. Ta san ba za a ba ta Entin ta kai ta wurin likita a kan takardar da ta ce lafiya lau ba. Ta kuma san yarinyar ba za ta yi magana a gaban surukarta ba. Ranar Alhamis mata ke taron karatu a masallaci bayan azahar, kuma Mak Iroh, da ba ta taɓa fashi ba, ta yi mako uku ba ta je ba. Sai Bu Popon ta je mata da fuskar wadda ta saduda.

"Mak, ki je karatu ki sha iska. Ni zan tsare miki ita."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa mata gwangwanin.

"Da ƙarfi ake kaɗawa. Ta fara sabawa da shi."

Da ƙarar takalminta ta ɓace, Bu Popon ta ajiye gwangwanin a ƙarƙashin gado. Ta kwance ƙyallen ƙafa, ta ture dutsen, ta zare matasai biyu.

"Kwanta, Neng."

"Mak za ta yi faɗa."

"Ni za ta yi wa faɗan. Ba ni yaron."

Entin ba ta ƙarasa juyawa ba barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe, hannu ɗaya yana reto a bakin gado. Bu Popon ta goya yaron a gaba tana zagaye ɗakin. Aka fara yayyafi. A saman bango wata tsaka mai wutsiya biyu ta tsaya cik tana kallonsu, Bu Popon ta rasa ko alamar alheri ce ko akasinsa. Ta yi niyyar tashin yarinyar bayan awa ɗaya. Da awar ta cika ta dubi fuskarta, ta ga ta koma ta yarinyar da ta sani tana tallan gyaɗa a bakin makaranta, sai ta kasa. Ta ce a ranta ruwan sama zai tsare matan a masallaci.

Wajen la'asar sakaliya Entin ta farka. Ta kwanta tana kallon rufi, sai hawaye suka fara gangara mata cikin kunne. Tun da ta haihu ba wanda ya ga kukanta.

"Bu," ta ce, "in na ɗauke shi na ji ƙarar ruwan kududdufi, sai in ga hannuwana suna sakinsa a ciki. Ba na so, wallahi ba na so. Shi ya sa ba na matso shi jikina. Wani lokaci sai in ce da ni ce na shiga, da ya samu uwa ta gari, kowa ya huta."

Bu Popon ta zauna a bakin gadon ta riƙe hannunta. Wannan ce maganar da likita ta ce in an ji ta, ba a kwana sai an kai mace asibiti.

"Ba ke kaɗai ba ce, Neng. Ciwo ne, yana da suna, yana da magani. Yau ɗin nan zan..."

Sai ta ga idon Entin ya wuce ta. Mak Iroh tana tsaye a bakin ƙofa da lema a hannu, ruwa na ɗiga daga gefen zanenta, maƙwabta biyu a bayanta. Ta dubi matasan da ke ƙasa, ta dubi shatin tabarma a kumatun surukarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Awa nawa?"

"Uku."

"Kwana ashirin ina tsaronta, ba ta taɓa faɗin irin wannan ba. Na bar miki ita yini ɗaya."

"Maganar tana cikinta tuntuni, Mak. Barcin ƙarfin faɗa kawai ya ba ta."

"Kun ji ko?" in ji Mak Iroh ga maƙwabtan. "Da bakinta ta ce barcin ne." Ta karɓe yaron daga jikin Bu Popon. "Ɗauki jakarki. Na ba ki amana kin ci."

Bu Popon ta yi roƙo, ta yi rantsuwa, har ta durƙusa a gaban tsohuwar, ita da furfurarta. Aka rufe ƙofa. Daga bakin hanya ta kira Dadang a waya. Ta ji ƙarar motoci da ta cokali a kwano.

"Bu, ni me na sani a harkar mata? Abin da Mak ta ce shi ke nan. Ga mutane suna jira."

Ta je wurin mai gari, ya ce maganar cikin gida ce, ya ba ta shayi. Da safe ta samo motar asibiti da takardar tura mara lafiya, suka tarar da gidan a kulle. An ce tun da asuba aka hau da Entin kan dutse, gidan wan Mak Iroh, inda mota ba ta zuwa, za a yi mata addu'a. Kafin azahar labari ya gama Pasirhuni: ungozoma ta kwantar da mai jego, jini ya hau mata kai. Akwai wasu masu jego biyu a ƙauyen. A gida na farko aka ce mata sun fita, alhali tana jin kukan jariri. A na biyu aka bar ta ta shiga, amma uwar miji da ƙanwarta suka zauna hagu da dama, har ta gama awo ba su matsa ba.

Ta kira Cucu ta ba ta labari.

"Ni tawa takardar tana cikin jaka," in ji Cucu. "Yanzu kam can za ta zauna."

Kwana huɗu bayan nan Bu Popon ta hau dutsen da ƙafa, awa biyu cikin taɓo, gwiwoyinta suna ƙara. Gidan gora ne, da kududdufi biyu a gabansa. Ba a ce ta shiga ba. Ta zagaya ta tsaya a taga. Entin tana zaune a jingine, an aske mata gaban goshi an shafa wani magani rawaya. Yaron ba ya ɗakin, an ba wata gwaggo tana ba shi madarar gwangwani.

"Neng, ni ce."

Entin ta juyo a hankali. Idanunta sun yi ja, sun faɗa.

"Da kin bar ni ban kwanta ba, Bu. Yanzu sun ɗauke shi."

"Me kike ji a ranki?"

"Ba na jin komai."

"Har yanzu kina tunanin ruwan?"

"Lafiya lau nake," in ji Entin, ta mayar da fuskarta bango.

Mak Iroh ta fito ta bayan gida da tulun ruwan addu'a. Ta ƙara tsufa a kwana huɗun nan. Suka tsaya suna kallon juna, mata biyu da suka wanke gawa ɗaya.

"Mak, ban zo faɗa ba. Ki ba ni ita kwana uku. In ba ta samu sauƙi ba, ki kai ƙarata inda kika ga dama."

"Kin samu awa uku, na ga abin da kika yi da su."

"To abu ɗaya nake roƙo. Ga ruwa nan a ƙofar gida. Don Allah kada a bar ta ita kaɗai, ko na minti ɗaya."

"Wannan kam kada ki damu," in ji Mak Iroh. "Yanzu mu uku ne muke karɓa-karɓa. Har ta yi arba'in ba za ta rufe ido da rana ba."

Saura kwana goma sha biyar. Wan Mak Iroh ya leƙo ya ce gara ungozoma ta kama hanya kafin rafi ya kawo. Bu Popon ta ɗan ƙara tsayawa a jikin tagar, sannan ta fara gangarawa.