Jaririn Shafi na Bakwai

Gwaggo Mai Littafi ta shekara talatin da ɗaya tana rubuta littattafan da babban mutum zai karance tas kafin shayinsa ya huce. Shafi goma sha shida ne kowane ɗaya, jimla ɗaya ko biyu a shafi, sauran filin duk na hoto. Ta rubuta labaran Littafi Mai Tsarki, ta rubuta na ranakun biki, ta rubuta na tarihi, irin su yadda mutane suka fara rubutu da yadda aka fara ƙera jirgin ruwa. Wanda bai sani ba sai ya ce wasan yara take yi. Ɗan ƙanenta, wanda kowa ke kira Mai Zane, ya san ba wasa ba ne, don shi yake yi mata hotunan, kuma da idonsa ya ga ta kwashe kwana uku tana rigima da kalma ɗaya kamar maƙwabciyar da ta zubo mata shara a ƙofar gida.

Tana da wata ƙa'ida wadda ko mai maɗaba'a ya gaji da roƙonta ya bar ta da ita. Ba littafin da zai tafi bugu sai ta zauna a tabarma ta karanta shi da yaron da bai kai shekara shida ba, kuma yaron ne zai riƙa juya shafi, ba ita ba. Ba ta kallon fuskar yaron. Ta ce fuskar yaro ta iya faranta wa manya rai, amma hannunsa bai iya ƙarya ba. In hannun ya yi wuf ya juya kafin ta rufe baki, surutu ya yi yawa, sai ta rage. In ya koma wasa da yatsun ƙafa, shafin ya mutu, sai ta sake shi daga tushe. Mai Zane yakan yi mata tsiya cewa duk iliminta da tabaronta a hannun masu majina suke. Sai ta ce masa ƙwarai kuwa, kuma ba ta taɓa samun shugabannin da suka fi su gaskiya ba.

A wannan karon littafin jariri Musa ne suke yi, kuma ya zo wa Mai Zane a lokacin da gidansa ba daɗi. Matarsa ta yi mako biyar a asibiti, likita ya ce ta kwanta kada ta motsa sai ta haihu, kuma ba a barin yara su shiga ɗakin. Ya rage daga shi sai 'yarsu mai shekara huɗu, wadda ake kira Kurciya saboda 'yan guna-gunin waƙar da take yi ita kaɗai in tana wasa. Kowace safiya a makarantar 'yan ƙanana sai ta ƙanƙame masa wando tana kuka. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya samo dabara: ya zauna da ita har malamarsu ta ɗauke mata hankali da kayan wasa, shi kuma ya sulale ta bayan ƙofa. Har yabon kansa yake yi, wai ya rage mata kuka. Amma yarinyar ta daina waƙar nan tata. A gida ko banɗaki ya shiga sai ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa. Abin yana cin ransa, yana tsoron kada 'yarsa ta zama wata daban kafin uwarta ta dawo, kuma bai san ta inda zai ɓullo wa abin ba.

Abin da ke sanyaya masa rai shi ne hoton shafi na shida da na bakwai. Kwana tara ya yi a kansa. Kogi ne shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, hasken safiya yana kwance a kan ruwan, sai ɗan kwando ƙwaya ɗaya a tsakiya. Ya san bai taɓa zana abin da ya kai shi ba. Don kogin ya samu fili, shi da Gwaggo suka yi shawara suka matsar da yayar jaririn, wadda ke leƙensa daga nesa, zuwa shafi na gaba.

Ranar Asabar da hantsi ya kawo hotunan ɗakin aikin Gwaggo, an manna rubutun a ƙasansu, an ɗinke su da zare kamar littafin gaske. Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, kwalbar fensirori duk an fiƙe su sun zama guntaye, da tabarmar da ta koɗe a tsakiya saboda zama. Yaron maƙwabta da aka saba kira yana mura, sai Gwaggo ta dubi Kurciya, wadda ke maƙale da ƙafar ubanta.

"Zo nan, uwar ɗakina. Yau ke ce mai juya mini shafi. Babanki ba inda za shi, ga shi nan zaune kamar buhu."

Yarinyar ta zauna, amma sai da ta jawo gefen rigar uban ta danne da gwiwa. Gwaggo ta fara karatu da muryarta ta kullum, ba ta ƙara mata gishiri. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku, ɗan hannun yana juyawa daidai lokacin da ya kamata. Mai Zane ya gyara zama, yana jiran a zo kan koginsa.

"Uwar ta sa jaririn a kwando," in ji Gwaggo. "Ta ajiye kwandon a kan ruwa."

Ta dakata tana jira. Hannun bai juya ba, bai kuma tafi wasa ba. Kurciya ta shimfiɗa tafinta a kan kwandon ta danne.

"Juya mana, 'yar Baba," in ji Mai Zane. "Abin daɗi yana gaba."

Ta girgiza kai.

"Me ya sa, uwar ɗakina?" Gwaggo ta tambaya a hankali.

"In na juya, ba mai ganinsa."

Duk lallashin da uban ya yi, ko gezau. Gwaggo ba ta sa baki ba. Ta bar hannun a inda yake har yarinyar ta gaji don kanta, sannan ta ba ta fensir da takarda ta zauna a gefen ubanta tana zane. Ita kuma ta cire tabarau ta murza ido.

"Ɗana, yarinyar nan za ta koma cikin hotonka."

"Wace yarinya?"

"Yayar jaririn. A nan gefen dama, cikin ciyawar bakin ruwa."

Ransa ya ɓaci, bai kuma ɓoye ba. "Haba Gwaggo! Ai tana shafi na takwas. Juyi ɗaya ne fa. Kyan hoton nan duk a kaɗaicin kwandon yake. In na cusa mutum a ciki na kashe shi."

"Kai ka san tana shafi na takwas, don kai ka zana ta. Ni ma na sani. Yaro bai san akwai wani shafi na takwas ba, inda yake nan ne duniyarsa." Ta ɗora yatsa a kan ruwan. "Hoton ya yi kyau, ban taɓa ganin ka yi kamarsa ba, kuma ba daɗin baki nake maka ba. Amma laifina ne. A labarin, yarinyar tana wurin tun farko, ba ta taɓa gusawa ba. Mu muka ɗauke ta don koginmu ya yi faɗi. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, na bar jariri shi kaɗai a bakin shafi. Kunya ma nake ji."

Ya zo da shirin musu, ya tarar ta riga ta ɗauki laifin ta aza a kanta. Matar da littattafanta suka cika makarantu, ga ta tana jin kunya a gaban 'yar shekara huɗu, kuma da gaske take. A take ta kira mai maɗaba'a ta ce ya ƙara mata mako ɗaya. Ana jiyo faɗansa ta cikin wayar, ita kuwa tana ta ba shi haƙuri tana fiƙe fensir.

Mai Zane ya yi kwana biyu kafin hannunsa ya yarda ya taɓa hoton. Ya goge wani yanki na ruwan da ya fi so, ya tsayar da dogayen ciyayi, ya durƙusar da yarinya a cikinsu, idonta a kan kwandon. Gwaggo kuma ta cika takarda huɗu da jimloli tana sokewa. Ta gwada "tana gadinsa", ta ce yaro zai zaci akwai ɓarayi. Ta gwada "ta ɓuya tana kallo", ta ce ɓuya ba abin kwantar da rai ba ne. Sai ranar Alhamis ta samu abin da take nema.

Da Asabar ta zagayo suka koma tabarma.

"Kwandon yana kan ruwa," in ji Gwaggo. "Amma duba! Yayarsa ba ta tafi ba."

Ɗan yatsan ya bi ruwan, ya wuce kwandon, ya shiga ciyawa, ya tsaya a kan fuskar yarinyar. Kurciya ta daɗe tana kallonta.

"Tana ganinsa?"

"Tana ganinsa."

"Ko ya yi barci?"

"Ko ya yi barci."

Sai ta kama gefen takardar ta juya. Gwaggo ta ci gaba da karatu kamar ba abin da ya faru, har suka kai ƙarshe. Da aka rufe littafin, yarinyar ta ɗago ta dubi ubanta. Ba fushi a muryarta, labari kawai take ba shi.

"Baba, kai in na kalli wani wuri sai ka gudu."

Dabarar da yake taƙama da ita ce aka ajiye masa a gabansa, ya ga ashe kullum yana koya wa 'yarsa cewa in ta ɗauke ido za ta rasa shi. Gwaggo ta tattara fensirorinta ta ce bari ta ɗora ruwan shayi, ta fita ta ja musu ƙofa.

Ranar Litinin a bakin aji bai jira a kawo kayan wasa ba. Ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da nata.

"Zan tafi aiki, in kun tashi ni zan zo in ɗauke ki. Amma kin ga bishiyar can ta bakin shinge? Can zan tsaya. Ba zan motsa ba sai kin ce in tafi."

Ta yi kuka, kuka sosai, har malamar ta harare shi don ya ɓata mata tsari. Ya je gindin bishiyar ya tsaya da jakarsa a kafaɗa. Kanta ya ɓullo a taga, ya ɓace. Can ya sake ɓullowa. Iyaye suka watse, mai gadi ya tura ƙofa ya bar masa 'yar kafa, shi dai yana nan. A leƙowa ta huɗu ta daɗe tana dubansa, hancinta manne da gilashi. Sannan ta ɗaga hannu ta yi masa alama ya tafi, ta juya ta koma cikin yara tun kafin ya ɗaga ƙafa.