Saitin da Injiniya Ya Bari

Tun rasuwar Injiniya, matarsa ba ta bari kowa ya taɓa fararen akwatunan waifai da ke silin gidan hayarsu ba. Bene ne mai hawa uku cike da ɗalibai, duk Anti suke kiranta. Injiniya ne ya kafa akwatunan da kansa tana riƙe masa tsani, ya zaɓa wa kowanne tasharsa da hannu don kada su riƙa katse wa juna magana.

Sai unguwa ta cika. Gaba aka buɗe ofisoshi, baya aka tada sabon bene, kowa da nasa waifai. Intanet ɗin gidan ya koma tafiyar hawainiya. Anti ta yi ta ba 'yan haya haƙuri, har ranar da ya yanke wa wata ɗaliba tana tsakiyar jarrabawa. Yarinyar ba ta yi faɗa ba. Kayanta ta kwashe tana hawaye.

Dole Anti ta kira Auta, ƙanin mijinta, wanda a hannun marigayin ya koyi aikin.

Da can da tsokana yake shigowa, yana cewa, "Matarmu, me aka ajiye wa ƙaramin miji?" Ran nan sallama kawai ya yi, ya buɗe kwamfuta a teburin yayansa.

"Anti, akwatunan lafiyarsu lau," in ji shi bayan ya duba. "Tashoshin da Yaya ya ɗora su a kai ne maƙwabta suka cika. Kamar mutum goma ne ke magana a ɗaki ɗaya."

"To ka canja musu wasu."

"In na canja yau, gobe wani ya sake hawa. Gara a sakar musu mara, kowanne ya saurari iska ya zaɓi tashar da ba cunkoso, ya ɗora kowace waya a zangon da ya fi mata."

"Nasa saitin fa?"

Auta ya sunkuyar da kai. "Zai tafi."

Ta matso ta kalli allon. Lambobi ne a jere, ba ta san kansu ba. Abin da ta sani, yatsun mijinta ne suka buga su, yana gunaguni, shayinsa na hucewa.

"Da yana nan, da tuni ya yi," Auta ya ce a hankali. "Kin san shi da ƙin jin ƙorafi."

"Na san shi."

Ta ce ya nuna mata wurin da ake dannawa, ta danna da kanta. Fitilar akwatin da ke baranda ta ɗauke, ta dawo. Lambobin suka shiga sauyawa ɗaya bayan ɗaya, har ba wadda ta rage a inda take.

A ranta ta so abin ya ƙi. Bai ƙi ba.

Auta ya naɗe wayoyinsa ya fita idonsa jajur. Ko ƙofar gida bai kai ba wani ɗalibi ya sauko da gudu, waya a hannu, baki har kunne.

"Anti, wa ya gyara mana intanet? Wallahi tun da na zo gidan nan bai taɓa gudu haka ba!"

"Madalla," ta ce. "Je ka yi karatunka."

Ta jira har takunsa ya ɓace a sama, sannan ta tura ƙofa ta zauna a ƙasa.