Dursun Bai Taɓa Hawa Bishiya Ba

"Ƙara ruwa a bayan kunnen nan," in ji Hayri, mai ramin.

Rifat ya ƙara. A bayan rumfar sauya kaya suka shimfiɗe gawar Dursun, maƙwabcinsa, wanda ramin kwal ya rufta da shi da hantsi. Ramin ba shi da izinin hukuma. In aka ce a ciki ya mutu, za a ɗaure Hayri, a biya matar mamacin diyya, a toshe ramin. Ramin kuwa shi ke ciyar da rabin unguwarsu a Zonguldak, ƙasar Turkiyya.

"Daga bishiyar tuffa ya faɗo, a lambunsa. Kai ka tsince shi," in ji Hayri.

"Maigida, Dursun fa..."

"'Ya'yanka duwatsu za su ci?"

Rifat ya koma kan gawar. Ya cuɗe wuyan, ya ƙwaƙule farcen. Suka sa masa rigar da ya fito da ita daga gida. Rifat bai taɓa ganin Dursun fes haka a ranar aiki ba.

Nuriye, matar Dursun, ta iso asibiti da ƙullu a hannu. Wani jandarma na tsaye bakin gadon, yana yi wa Rifat tambayoyi.

"Kai ne maƙwabcin? A ina ka same shi?"

"Gindin tuffa, ranka ya daɗe."

Nuriye ta juyo. "Tuffa? Yaya Rifat, Dursun ɗin? Mutumin da ko kujera ya taka sai jiri ya ɗebe shi? Ba kai ke tsokanarsa ba, kana ce masa gafiya, yana riƙe mini tsani ni ina tsinkowa?"

"Tsautsayi ne, Nuriye."

"Dube ni ka faɗa."

Bai dube ta ba.

"Baiwar Allah, kina da wata magana?" in ji jandarman.

Ta waiwaya wajen ƙofa. Matan unguwa sun yi cirko-cirko, kowace da nata a ramin. A gabansu ƙanwarta ce, rungume da jariri, tana girgiza mata kai a hankali.

"Babu," in ji Nuriye.

Jandarman ya yi mata gaisuwa, ya fita.

Ta sunkuya kan mijinta. Ta jiƙa bakin ɗankwalinta da miyau, ta shafi gefen fatar idonsa, inda sabulun Rifat bai kai ba. Ƙyallen ya fito baƙi. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dunƙule shi a tafin hannunta.