Minti Arba'in

Sai da dillalin ya tokare ƙofar da kafaɗa kafin mabuɗin ya yarda ya juya. Akanji Fagbohun ya shiga, ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Faɗinsa bai dame shi ba. Abin da yake aunawa shi ne taku nawa ne daga inda gado zai zauna zuwa banɗaki, domin tun da shanyewar ɓarin jiki ta sami matarsa Abike bara, da takunta yake auna kowane gida. Taku goma sha ɗaya ne, babu matakala, babu tudu a bakin ƙofa.

"Baba, ka taki sa'a," in ji dillalin, yana damƙa masa mabuɗin. "Ga iska kyauta, ga rijiya a tsakar gida. Hanya kuwa ai ka gani da idonka ranar Lahadi. Daga tashar Berger a bakin Legas zuwa nan Mowe minti arba'in, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai an iso."

Ya gani kam. Shi ya sa ya amince. Gidan da suka shekara ashirin da shida suna haya a Somolu magada sun sayar, ƙarshen wata za a rushe shi, kuma duk ɗakin da ya gani a cikin Legas ya fi ƙarfin albashinsa na ma'ajin kaya a maɗaba'a. Saura shekara uku ya yi ritaya. Barin aikin ba ya cikin lissafi, domin da katin asibitin ma'aikata Abike ke samun magani. Ita kuwa abu ɗaya ta roƙa da safen nan yana taje mata gashi, da bakinta da ya karkace: duk inda za su koma, ya riƙa dawowa kullum da yamma. Babu wanda ta yarda ya yi mata wanka sai shi. Ko 'yarsu Tolani, da ta zo daga Fatakwal ta yi mako biyu, ba ta taɓa ganin jikin uwarta ba. Ya ɗora hannu a kanta ya yi alkawari.

A aljihunsa akwai takarda mai tambayoyi bakwai, da adireshin Lamidi Oyekan, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashinsa. Rabonsu da juna shekara takwas. Duk garin ba shi da wanda ya sani sai shi.

Ɗan acaɓa ya ratsa da shi ta layuka masu jan ƙasa. Tsakar ranar Asabar ce, amma shirun unguwar ya ba shi mamaki. A kusan kowace baranda akwai namiji kwance a kan benci da singileti, baki buɗe. Wata akuya ta tare hanya, ɗan acaɓan ya tsaya yana jira ta wuce don kanta.

"Ba za ka danna mata hon ba?"

"Ranar Asabar? Baba, so kake mata su jefe ni? Masu gida na barci."

Matar Lamidi, Iya Monsura, tana shanya busasshiyar doya a ƙofar gida. Ta ɗago, ta daɗe tana kallonsa. Sa'an nan ta rage tsawo, durƙuson da bai kai ƙasa ba, ta juya ta kwaɗa kira.

"Baba Monsura! Tashi ka ga ikon Allah. Ga Minti Arba'in ya zo da ƙafarsa!"

Akanji ya ɗauka kunnensa ne bai ji daidai ba.

Lamidi ya fito yana ɗaura zane. Akanji ya girme shi da shekara goma sha biyu, amma yau in an jera su ba a gane wane ne ƙanin. Ya kai hannu ƙasa kamar yadda ake yi wa na gaba, yana ta "Oga, Oga, kai ne a gidana?" Kafin a gama tambayar iyali an ajiye amala da miyar ewedu. Da suka wanke hannu suka fara ci, Akanji ya fito da takardarsa, ya ce nan zai dawo da zama, shawara ya zo nema: ina ake cika tukunyar gas, wane asibiti ne mai dama-dama, wace tasha ce ta fi samun mota.

Lamidi bai dubi takardar ba. "Oga, wace rana ka zo duba gidan?"

"Lahadi."

Mata da miji suka dubi juna. Iya Monsura ta yi wata gajeriyar dariya ta hanci.

"Duk Lahadi muka zo," in ji Lamidi. "Ka taɓa ganin dillali ya kai mutum ganin gida ranar Litinin? Ajiye takardar nan, in gaya maka abin da ba ka rubuto ba. Mu nan ba da nisa muke awo ba, da doguwar gadar shiga Legas muke yi. In ka hau ta kafin kiran assalatu, ka tsira. In ka ƙara rabin awa, sai hantsi ya same ka a kanta kana kallon ƙeyar wani. Dawowa kuwa sai yadda Allah ya yi. Tanka ta faɗi, ko masu addu'a sun fito taronsu na wata-wata, ko raguna sun sauka a kasuwar Kara gabanin Layya, to ka kwana a cikin motar danfo, gwiwarka a haƙarƙarin maƙwabci."

"Amma ai mutane na yi."

"Suna yi mana. Watan farko kowa yana dawowa kullum, yana cewa shi ba kamar sauran ba ne. Wata na biyu sai ya ce bari ya riƙa tsallake Talata da Alhamis. Wata na uku ya je bakin titi wurin mai tabarmi ya sayi kayan ango."

"Kayan me?"

"Ango," in ji Iya Monsura. "Tabarma mai naɗewa, gidan sauro, soso, da jaka mai cin riga biyar. Duk wanda ya saya ya auri Legas ke nan, mu kuma mun zama gidan da ake leƙowa ranar Asabar. Nawa mijin a bayan injin ma'aikatarsu yake kwana a Apapa. Tambaye shi launin labulen ɗakinsa, in ya sani."

"Kore ne," in ji Lamidi.

"Kore ne shekara uku da suka wuce, ranka ya daɗe."

Lamidi ya yi dariya, Akanji bai iya ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya yi musu bayanin Abike dalla-dalla: ciwon, katin asibitin, wankan, alkawarin da ya yi da safe. Yana magana yana kallon kwano.

"Babu aiki a nan kusa?" ya tambaya. "Ko ƙarami ne."

"Oga, garin nan gado ne. Wa ya taɓa samun aiki a kan gado? Kuma in ka bar can, katin fa?"

"In na nemi ɗaki kafin gada?"

"Da akwai wanda za ka iya, da ba ka zo nan ba. Da mu ma ba mu zo ba."

Iya Monsura ta jawo kujera ta zauna daidai gabansa, abin da ba ta yi ba tun zuwansa.

"Baba, na ga ba ka gane sunan da na kira ka da shi ba. Ka tuna ranar da mijina ya zo gidanka neman shawara, ina ɗauke da cikin Monsura? Ka ce masa, 'Lamidi, yaro mai hankali ba ya tsufa a gidan haya. Je ka Mowe, na je sunan ɗan wani abokina ranar Lahadi, minti arba'in ne.' Ya dawo yana ta rawa. To tun daga nan, a gidan nan duk wanda ya faɗi abin da ba zai yiwu ba, sai mu ce ya yi minti arba'in. Mai gyaran famfo ya ce gobe, minti arba'in. Masu wuta su ce an kusa, minti arba'in. Duk layin nan sun ɗauka, ba su ma san mutum ne ba."

"Mace, bar maganar nan," in ji Lamidi. "Oga bai sani ba."

"Ranar bai sani ba, na yarda. Wata bakwai da ka yi kana shiga ma'aikata da jajayen idanu fa? Wa ya sa hannu a takardar laifi har aka kore ka?"

Akanji ya sunkuyar da kai. Shekara takwas yana gaya wa kansa cewa Lamidi lalacewa ya yi, cewa doka doka ce. Amma akwai wata safiya da bai taɓa ba kowa labarinta ba, ko Abike. Ya buɗe sito ya tarar da Lamidi kwance a kan daurin takardu, takalmansa a ƙarƙashin kai, ƙafafunsa sun kumbura. Ya tsaya a kansa, tambayar tana bakinsa. Bai yi ta ba, domin ya san amsar za ta zagayo ta tsaya a ƙofarsa. Ya koma teburinsa ya rubuta: barci a bakin aiki.

"Na sani," ya ce a hankali. "Lamidi, na sani. Ka yafe mini."

"Haba Oga, tuni. Wallahi tuni."

"Ya yafe," in ji matar. "Ni ma na gaji da riƙewa. Sai dai yafiya ba ta rage tsawon gada."

Ta tashi ta tattara kwanuka, ta kai bakin ƙofa, ta juyo.

"Kawo Mama. Akwai mu. Matan layin nan mu ne mazan juna daga Litinin zuwa Juma'a. Wata huɗu na yi ina wanke wata maƙwabciyata da ta karye."

"Ba ta yarda kowa ya taɓa ta."

"Ranar farko za ta yi kuka. Ta biyu ta zage ni. Ta uku ta miƙo mini hannu, ba don tana so ba." Ta gyara riƙon kwanukan. "Shawara ka zo nema, to ga tawa, ita kaɗai ce mai amfani. Ka gaya mata gaskiya kafin motar kaya ta taso. Kada ka bar ta tana kallon ƙofa. Shekara biyu na yi ina ɗumama miya kowace yamma, don babu wanda ya gaya mini."

Lamidi ya so ya raka shi har titi, Akanji ya hana, domin ya ga idanun mutumin suna rufewa tun yana tsaye. Ya tafi da ƙafa, mabuɗin yana buga masa cinya. Yana tafe yana jera kalmomin da zai faɗa wa Abike. Duk jerin da ya yi, sai ya ga fuskarta a ƙarshensa, sai ya rushe ya sake.

A bakin titi akwai rumfar da aka rataye tabarmi da jakunkuna iri ɗaya, kamar kayan 'yan makaranta. Mai rumfar ta dubi takalmansa masu ƙyalli, waɗanda jan ƙasa bai riga ya ci ba.

"Baba, sabon zuwa? Kayan ango?"

"A'a. Ni kullum zan riƙa dawowa."

"Allah ya sa," ta ce, ba tare da ta daina ɓare gyaɗarta ba.

Mota biyu suka cika suka tafi yana tsaye. Kafin ta uku ta cika, ya koma rumfar. Ya miƙa mata kuɗi. Ta naɗe masa komai cikin baƙar leda.

Hanya ta buɗe kamar an share ta. Danfo ya hau doguwar gada da gudu, iska tana kaɗa rigunan fasinjoji, shanun Kara suna wucewa ta taga. Ya duba agogo a Berger, ya kau da kai.

Rana ba ta faɗi ba ya isa Somolu. Ya cusa baƙar ledar a ƙarƙashin matakala, bayan kwalayen littattafan waƙoƙin coci. Abike tana zaune inda ya bar ta, tsakanin kayan da aka ɗaure, fuskarta na kallon ƙofa.

"Baba Tolani, har ka dawo?"

"Na dawo. Ga mabuɗi. Taku goma sha ɗaya ne zuwa banɗaki, babu matakala. Na kuma sami mutanen kirki, akwai wata mata da za ki so."

Ya ɗora ruwa a wuta, ya sirka shi, ya gwada ɗuminsa da gwiwar hannu. Ya ɗauko tawul da sabulu, ya durƙusa yana cire mata silifa. Kalmomin da ya jera a hanya suna nan, ya buɗe baki.

"Da nisa?" ta riga shi.

Ya dubi ƙafarta mara motsi a cikin tafin hannunsa. Abin da agogo ya nuna masa yau ai ba ƙarya ba ne.

"Minti arba'in," ya ce.

"Ashe nan da nan ne," in ji Abike, ta miƙo masa hannunta mai lafiya domin ya ɗaga ta.