Eriyar Madam Esta

Shekara ashirin da biyu Madam Esta ta yi tana koyar da kimiyyar fizik a wata lise, wato makarantar sakandare, ta garin Tawa. 'Yar Dogon Dutsi ce, aiki ya kawo ta tare da mijinta Luka. A Tawa suka haifi 'yarsu Alheri, a nan kuma aka binne Luka. Da Alheri ta tafi jami'a a Yamai sai gidan hayar ya yi wa Esta faɗi. Ƙanenta Dauda, mai gyaran salula a Yamai, ya aiko mata da wata 'yar na'ura da ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya ce idan ta soka ta jikin kwamfuta za ta riƙa ganin jiragen saman da ke wucewa a kan taswira, domin kowane jirgin fasinja yana tafe yana shelar sunansa da inda yake, don kada ya yi karo da ɗan'uwansa.

Eriyar da ta zo tare da na'urar ba ta da wani kirki, jirgi biyu ko uku take kamawa a yini. Esta ta ɗauki alli ta yi lissafi a bayan ƙofar ɗakinta, ta gano cewa tsawon wayar da ake buƙata santimita bakwai ne saura kaɗan. Ta samo gwangwanin tumatir, ta huda gindinsa, ta zura wayar parabol, irin ta kwanon talabijin, ta fere ta har jan ƙarfen tsakiya ya tsaya tsirara daidai wannan awon. Ranar jirgi goma sha ɗaya ta gani. Abin ya shiga ranta. Ta yi wata uku tana yanka waya tana ɓatawa, har ta haɗa guntaye takwas a jere, ta zura su cikin farin bututun famfo, ta ɗaure a kan gora ta kafa bisa soro. Daga nan ta fara kama jirage tun suna can arewa da garin Takanamat, suna fitowa daga Turai za su Legas ko Abuja, ta bi su da ido har su ɓace a kudu.

Maganar ta fara ne a wata fadar masu shayi da ke bakin titi. Wani ya ce tun da yake bai taɓa ganin eriyar talabijin mai kama da wannan ba. Wani ya ce matar ai ba 'yar gari ba ce. Kafin sati ya zagayo labari ya zama cewa Madam tana magana da jiragen ƙasashen waje, tana gaya musu abin da ke faruwa a yankinsu na Adar. Lokaci ne da kowa ke ɗar-ɗar, irin wannan magana ba ta da wuyar samun masu saurare.

Wata Laraba ta dawo daga lakwal, inda take koyarwa, da tsakar rana ta tarar da gorar a kwance a tsakar gida, bututun ya karye biyu, guntayen waya sun zube a ƙasa. Maƙwabciyarta Sharifa, mai sayar da cuku, ta leƙo ta kan katanga ta gaya mata cewa Alhaji Muktari mai gidan ne ya zo da mutum biyu da tsani suka sauke. Ta ce ta yi musu magana su jira mai abu ta dawo, ba wanda ya kula ta.

Esta ta tsuguna ta tsince guntayen ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar Amos ya zo. Wan marigayi mijinta ne, dattijo a ikilisiya, kuma labari ya riga ya kai masa. Ya zauna ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce su 'yan ikilisiya kaɗan ne a garin, zaman lafiyarsu da mutane ya fi kowace waya, abin da mutum ɗaya ya jawo kuma kowa zai shafa. Ya roƙe ta ta jefa kayan cikin akwati ta manta da su.

"Yaya," in ji Esta, "in na ɓoye shi yanzu, na amsa laifin ke nan. Gobe ba ni da bakin cewa ƙarya anka yi mini."

Amos ya ce ai su baƙi ne, baƙo kuwa haƙuri ya kamace shi.

"Ɗan'uwanka na kwance cikin ƙasar garin nan. Ni ban san wani baƙunci da ya rage mini ba."

Ya shanye ruwan da ta ba shi ya tafi ransa a ɓace.

Washegari ba ta da darasi da safe. Ta rubuta takarda ta bayyana abin da na'urar ke yi, ta ɗauki kwamfutar ta kai wa hukuma da ƙafarta. Suka duba, suka yi tambayoyinsu, suka riƙe kwafin takardar, suka sallame ta. Daga can ta wuce gidan mai unguwa Sabo, ta ce tana so a kira Alhaji Muktari da duk wanda ke da magana a kanta, ranar Asabar da hantsi, a ƙofar gida inda kowa zai gani. Mai unguwa ya so a kashe maganar a zaure, su uku. Ta ce a titi aka ɓata mata suna, a titi za a wanke shi.

Ranar Asabar mutane sun fi talatin a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar mai unguwa. Cikinsu Esta ta gane aƙalla shida da ta koyar, yanzu duk magidanta, suna ta sunkuyar da kai. Amos ma ya zo ya tsaya daga baya. Ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye kwamfuta, gwangwanin tumatir da ta riga ta huda, waya, wuƙa da abin awo. Ta gaida mai unguwa yadda ya kamata, sannan ta miƙa wa Alhaji Muktari wuƙar.

"Alhaji, kai ka karya waccan, kai za ka haɗa wagga. Kada a ce na sa wani abu ciki."

Alhaji ya so ya ƙi, amma idon jama'a na kansa. Tsohon ɗan tireda ne, hannunsa ya saba da awo. Ya fere wayar yadda ta ce, ya auna, ya yanke, ya zura a gwangwanin. Ta sa aka ɗaure shi a kan doguwar sanda, wani ya riƙe ta sama. Ta yi musu bayani kamar tana cikin aji, cewa abin nan kunne ne kawai, ba shi da baki. Kamar rediyo yake: kana jin mai labarai, shi ba ya jin ka.

Sai dai taswira ta tsaya fayau, babu jirgi ko ɗaya. Minti goma ya wuce, ashirin ya wuce. Mai riƙe da sanda ya gaji aka canza wani. Aka fara gunaguni, wani daga baya ya ce ai ta riga ta gaya wa jiragen kada su zo. Zufa ta jiƙa wa Esta baya. Ta san da hantsi jirage kan yi ƙaranci, ta yi da-na-sanin lokacin da ta zaɓa, amma ta ce ko za a kai azahar ita tana nan zaune.

Can sai ɗan hoton jirgi ya ɓullo a saman taswirar. Ta karanta musu: daga Turai yake, za shi Legas, yana sama da ƙasa mita dubu goma sha ɗaya. Ta nuna arewa, wajen hanyar Barmu, ta ce su sa ido can. Kowa ya ɗaga kai yana kare rana da tafin hannu. Bayan kamar minti takwas wani tsoho makiyayi da ya tsaya kallo ya nuna da sandarsa, ga farin zare siriri yana tsaga sama. Nan take wuri ya kaure da surutu, kowa na son leƙa kwamfutar.

Alhaji Muktari bai leƙa ba. Ya ce abin da ya gani ya ƙara masa tsoro ne, domin mace tana zaune a ɗaki ta san inda jirgi yake tun ido bai gan shi ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce shi bai ce ta yi laifi ba, amma ba a kan soronsa ba.

Mai unguwa ya shafa gemu. Ya ce shi bai ga aibin Madam ba, hukuma ma ta duba, saboda haka duk wanda ya sake kiran ta 'yar leƙen asiri da shi zai yi. Amma gida na Alhaji ne, ba shi da ikon tilasta masa. Esta ta ji hukuncin ya yi mata rabi da rabi, tana shirin magana sai ga muryar Sharifa daga inda mata suka tsaya.

"Baba mai unguwa, soron ɗakina fa? Gadon ubana ne, ba haya ba. A kafa shi can."

Wasu suka yi dariya. Alhaji ya ce to, amma waya kada ta taɓa katangarsa. Esta ta ce ta ji, ba za ta taɓa ba.

Sati biyu ta yi tana haɗa sabuwar eriya, wannan karon guntaye goma sha biyu. Amos ne ya kawo gorar a kan babur, ya jingine ta a ƙofar Sharifa, ya gaida su ya juya ba tare da ya shiga ba. Matan biyu suka ja ta sama da igiyar guga suka ɗaure da kansu. Soron Sharifa ya fi na Alhaji tudu, farin bututun ya tsaya ana hango shi tun daga bakin titi.

Tunda waya ba ta da hanyar shiga gidanta, kullum bayan la'asar Esta kan rungumi kwamfutarta ta fito ta ƙofar gida, ta wuce ta gaban 'yan fadar shayi ta gaishe su da ƙarfi, ta shiga gidan Sharifa. Wasu na amsawa, wasu na kau da kai. Alhaji Muktari ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarta. Mutum biyu daga ƙauyen Bambai suka zo neman ta koya musu haɗa ta gwangwani, ta koya musu a tsakar gida. Sharifa kuwa tana jera cuku a faifai tana tambaya ina wannan jirgi ya fito, ina za shi, har ta iya gane wanda ke wucewa kullum gab da magariba. Idan ya makara ita ke fara cewa yau lafiya kuwa.