Riga Ta Riga Ni Zuwa Teku

Daren jiya na yi wani mafarki. Ni ba mai yawan mafarki ba ne, kuma na san mafarin wannan. 'Yata Barira, wadda ke aure a Ikko, ta aiko mini da gajeren wando da wata 'yar riga mai zanen ganye. Wai zafin bana ya yi yawa, in zo bakin teku in sha iska, in ga ɗanta da ban taɓa gani ba. Na ce ba na zuwa. Ni Sarkin Pawa ne. Tun da aka naɗa ni ba wanda ya ga ƙwaurina.

A mafarkin na zagaya bayan gida, inda juji yake, sai ga teku. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama. Kowa ya kife lemarsa ya tsaya a ciki.

A ƙofar shiga akwai ofis. Wani bunsuru ne zaune a bayan tebur, da tabarau.

Ya ce, "Sarki, barka da zuwa. Ai mun san ka. Ka san kawuna."

Na ce, "Na san shi. Ba shi da kitse."

Bai ji haushi ba. Ya ce, "A nan ba a shiga da babbar riga. Fata muke karɓa a ƙofa, yadda kake yi mana."

Na ce ba zan tuɓe ba. Ya ce ai ta riga ni shiga. Na dubi jikina. Gajeren wando.

Sai ga ni a kan rairayi. Wata akuya ta kawo mini iska a ƙwarya. Na sha. Ba gishiri ba yaji, amma ta sanyaya ciki. Teku kuwa ba shi da tarbiyya. Zai taho da gudu ya durƙusa a gabana, kafin in amsa gaisuwa ya ja da baya. Haka ya yi ta yi. Na daina kula shi.

Can na hango rigata, saƙin nan mai aiki a ƙirji, zaune a kan kujera, hulata a bisanta. Ba kowa a ciki. Mutane sun yi layi suna faɗuwa suna cewa ranka ya daɗe. Ita ba ta ce komai ba. Na ga ta iya, don ni ma haka nake yi.

Barira ta zo ta durƙusa mata, ta ɗora ɗanta a cinyar rigar. Yaron ya sulale ƙasa. Ta sake ɗora shi, ya sake sulalewa. Ya fara kuka.

Na ce, "Barira, ga ni nan."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Bawan Allah, matsa. Kana tare wa Baba iska."

Wannan ya yi mini zafi fiye da rana.

Sai na ji dariya a cikin ruwa. Tasalla ce, uwar Barira, wadda ta rasu. Tana tsaye ruwa iya ƙugu tana wanke igiyar ruwa ɗaya bayan ɗaya, tana shanyawa.

Ta ce, "Sarki, kai ne da ƙafafu kamar na zalɓe?"

Na ce, "Ki kama bakinki. Ana kallo."

"Wa ke kallonka? Duk suna wajen riga." Ta matse wata igiya. "Ni na wanke ta har na gaji. Gumin da ke ciki naka ne, ita ba ta taɓa yi ba. Kuma riga ba ta ɗaukar jika."

Na sunkuya na miƙa wa yaron hannu. Ya yi shiru, ya rarrafo, ya kama ƙwaurina. Hannunsa da ɗumi. Teku ya taso da ƙugi, ƙugin yana ƙaruwa.

Ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye. Rigata tana rataye a ƙusa, wayata tana kuka a aljihunta.

Barira ce. "Baba, ina kwana? Ka gwada kayan?"

Na ce, "Ki gyara ɗaki. Ina tafe, zan ɗauki yaron nan."

Ta yi guɗa har sai da na janye wayar daga kunne. "To, Baba, ka taho da wandon."

Na ce, "Wandon nan ba zan sa ba."